Harsunan Waje a Makarantun Damagaram: Amsoshin Tambayoyin Iyaye, Ɗalibai da Malamai

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da Ingilishi a kwaleji, wato ƙaramar sakandare, a nan Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin iyaye ranar karɓar sakamako, da a bakin ɗalibai da ƙananan malamai masu zuwa neman shawara. Na haɗa masu kama da juna wuri guda, na amsa su gwargwadon abin da na gani a cikin aji da kuma bayan ɗalibai sun bar hannuna.

Malam, ɗana ya shekara huɗu yana karatun Ingilishi a kwaleji, ya ci jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji, amma ba ya iya haɗa jimla biyu idan ya gamu da baƙo. Ina matsalar take?

Alhaji, yawanci laifin ba na yaron ba ne, domin abin da aka koya masa shi ya iya. A mafi yawan azuzuwanmu malami yana cika allo da ƙa'idojin nahawu da jerin aikatau, ɗalibai suna kwafa a kaye, wato littafin rubutu, a ba su aikin cike gurbi, sai a buga ƙararrawa. Idan aka lissafa, yaro yana iya yin wata guda bakinsa bai furta cikakkiyar jimla da harshen ba, in ban da amsa gaisuwar malami da ake yi baki ɗaya. An ba shi labarin harshen, ba a taɓa miƙa masa shi ya yi aiki da shi ba.

Ku dubi yadda tela yake yi da yaronsa. Ba ya zaunar da shi shekara huɗu yana karanta masa sunayen sassan keken ɗinki. Tun a makonnin farko yake ba shi ƙyalle ya kafa maɓalli, ya yi kalmasa, ya ɓata, a warware, ya sake. Harshe ma haka yake shiga, kuma ɗalibin da bai taɓa yin kuskure da bakinsa a gaban mutane ba har yanzu bai fara koyo ba.

Me ake nufi da a haɗa darasin harshe da rayuwa? Ba littafin gwamnati ne ake bi ba?

Manhaja tana faɗin abin da za a koyar a kowace shekara, kamar ƙirga, da lokutan aikatau, da yadda ake tambaya da ba da umarni, amma ba ta hana malami zaɓen abin da zai ɗora darasin a kansa ba. Wanda zai koyar da sigar umarni yana iya shigo da kwalin magani daga shagon unguwa, ɗalibai su karanta yadda ake sha, da sau nawa a rana, da ranar da maganin zai lalace. Wanda zai koyar da lambobi yana iya kawo rasiɗi, ko saƙon da banki ke turowa a waya, ko takardar rakiyar kaya da direbobi ke riƙewa. Wanda zai koyar da shuɗaɗɗen lokaci yana iya sa ɗalibi ya ba da rahoton abin da ya faru da babur a gareji, daga kawo shi har gyara shi. Ƙa'idar nahawun tana nan yadda manhaja ta so, abin da ya sauya shi ne yaron ya ga inda ake amfani da ita a garinsu.

Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne. Kafin in shiga aji nakan tambayi kaina abin da ɗalibi zai iya yi da yamma wanda bai iya ba da safe. Idan amsar ita ce zai iya karanta wa kakarsa takardar maganin hawan jini, darasin ya yi. Idan kuwa amsar ita ce ya san sunan wata ƙa'ida, sai in sake shiri.

Mu ƴan kasuwa ne, kullum muna Kano da Maigatari, kuma da Hausa muke ciniki. Me Ingilishi zai ƙara wa ƴaƴanmu?

Gaskiya ne, daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Kantin Kwari na Kano mutum ba ya bukatar tafinta, kuma wannan babbar ni'ima ce da mutanen wasu iyakoki ba su samu ba. Sai dai a Najeriya ciniki da Hausa ake yin sa, takarda kuwa da Ingilishi ake rubuta ta. Takardar kwastan, da yarjejeniyar haya, da saƙon banki, da abin da aka rubuta a jikin buhun taki da kwalbar maganin ƙwari, duk da Ingilishi suke. Haka kuma da zarar harka ta wuce Kano ta kai Legas ko Anaca, ko ta kai ga mai sayarwa a Dubai ko Guangzhou, Hausa ta tsaya. A nan ne ɗan kasuwa yake komawa hannun dillali, ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ya biya la'ada a kan abin da ɗansa na cikinsa zai iya yi masa.

Akwai wani abu ƙarami da ba na mantawa da shi. Wani tsohon ɗalibina, wanda ke riƙe wa kawunsa lissafin shago, ya same ni a gida da takarda a hannu, fuskarsa cike da mamaki. An rubuta nauyin kayan da aka turo musu kilo 1,250, shi kuma yana tambayata yadda za a yi kayan da suka cika bayan mota su zama kilo ɗaya da kwata. Bai yi kuskure ba bisa abin da lakwal, wato makarantar boko, ta koya masa, domin a tsarin Faransanci waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, alhali a tsarin Ingilishi waƙafi dubbai yake rabawa, ɗigo kuma shi ke nuna guntu. Yaron nan ya yi shekara bakwai yana karatun Ingilishi, huɗu a kwaleji uku a lise, wato babbar sakandare, kuma uku daga ciki a hannuna ya yi su, amma babu wanda ya taɓa nuna masa wannan. Tun daga ranar na mayar da shi darasin makon farko, tare da yadda Amurkawa ke fara rubuta wata kafin rana a kwanan wata, abin da ke iya sa mutum ya ɗauki maganin da ya lalace a matsayin mai sauran kwana.

Ko a bakin makanikai ana ganin wannan rabuwa. Abin da ake kira buji a garejin Damagaram shi ne fulogi a Kano, esansi shi ne fetur, duwan shi ne kwastan. Yaranmu sun riga sun san rabin hanyar, malami ne ya kamata ya ɗora daga inda suka tsaya.

Tunda an mayar da Hausa harshen ƙasa, shin Faransanci bai zama ɓata lokaci ba?

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sanya Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗaga darajar Hausa, ya kuma ɗaga ta Ingilishi, amma bai shafe abin da ke rubuce ba. Dokoki da takardun filaye da bayanan asibiti da littattafan jami'a na shekaru sittin da ƴan kai da Faransanci suke, kuma da shi ake fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome, da shi ake mu'amalar ofis da Mali da Burkina Faso da Cadi. Wanda ya ce wa ɗansa ya yi watsi da Faransanci yau, ya rufe masa ƙofar jarrabawar shiga aikin gwamnati da ta jami'a tun kafin ya isa bakinta.

Abin da ya kamata ya sauya shi ne yadda ake kallonsa. A da an koyar da shi kamar rigar girma, wanda ya iya shi ya fi wanda bai iya ba, har ana dariyar mai kuskuren lafazi. Yanzu doka da kanta ta kira shi harshen aiki, sai a koyar da shi a haka: rubuta wasiƙar neman aiki, cike takardar ofis, rubuta rahoton taro, bayyana wa majiyyaci abin da likita ya rubuta.

Wasu malamai suna amfani da Hausa a darasin Ingilishi ko Faransanci. Wannan ba ya hana yara ƙwarewa?

Waɗanda suka yi lakwal a zamanin da suna tuna sambol, wato abin da ake rataya wa yaro idan an kama shi yana magana da harshen gida, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Abin da wannan ya fi haifarwa shi ne shiru, domin yaron da ke tsoron buɗe baki da Hausa ba ya buɗe shi da Faransanci ma. Kuma a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar da ke fara karatu da harshen gida, a 1973, da Hausa, saboda haka ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Amma akwai iyaka. Idan malami ya yi bayanin ƙa'ida mai wuya da Hausa cikin minti biyu, ya tanadi minti ashirin da za a yi aiki da harshen da ake koyo. Idan kuwa ya cinye sa'ar gaba ɗaya yana hira da Hausa a kan Ingilishi, ya koma gidan jiya ta wata ƙofar. Ni nakan kuma mayar da fassara darasi da kanta, domin mafi yawan aikin da ɗalibanmu za su yi da harshen waje tsakanin harsuna biyu ne. Nakan tsayar da ɗalibai uku, ɗaya mai sayar da rago wanda ba ya jin komai sai Hausa, ɗaya baƙo, ɗaya tafinta. A nan ake gane cewa tafinta a kasuwarmu sai ya haɗa da lissafi, domin dala ashirin sefa 100 ce, jika biyar kuma sefa 5000, kuma wanda ya fassara lambar yadda ya ji ta ya jawo rigima.

Wane harshe ya kamata yaro ya fi ba ƙarfi: Faransanci, Ingilishi, Larabci ko Sinanci?

Amsar tana bin inda yaron ya dosa. Faransanci da Ingilishi ba zaɓi ba ne ga ɗan makarantar boko, tare ake tafiya da su. Wanda ke son aikin lafiya ko injiniya ko kwamfuta ya sani cewa mafi yawan sabon ilimi a waɗannan fannoni da Ingilishi yake fitowa, kuma shi ne mabuɗin jami'o'in Najeriya da ke kusa da mu, irin su Jami'ar Bayero ta Kano.

Larabci yana da tsohon gida a ƙasar nan. Da shi fadar Damagaram ta yi wasiƙu tun zamanin da ayari ke zuwa daga Turabulus, kuma makarantun Faranko-Arab masu haɗa Faransanci da Larabci, waɗanda suka faro daga garin Say da ke kudu da Yamai a 1957, suna kai ɗalibi har jami'a, a Say ɗin ko a ƙasashen Larabawa. Abin da nake roƙon malaman Larabci shi ne su haɗa da Larabcin mu'amala. Na ga ɗalibin da ya iya i'irabin baiti mai wuya, amma ya kasa tambayar farashin ɗaki a Makka, ko bayyana ciwon mahaifiyarsa ga likita a Alƙahira. Ya kuma kamata a gaya wa ɗalibi tun da wuri cewa Larabcin titin Libiya da na Aljeriya ya sha bamban da na littafi, tunda mutanenmu da yawa can suke zuwa neman abinci.

Sinanci kuwa ana tambayata a kansa tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, wadda ke kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut, tana tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem, tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Wanda ya iya Sinanci a yankin nan ba ya rasa mai nemansa, domin masu shi kaɗan ne. Duk da haka ba na ba da shawarar a ɗora wa ɗan kwaleji shi alhali bai tsaya da ƙafarsa a harsuna biyun farko ba. Harshe ne da ya fi dacewa da wanda ya riga ya san sana'arsa kuma ya san dalilin da ya sa yake nemansa.

Idan ɗiyata ta ƙware a Ingilishi, shi kaɗai ya isa ya ba ta aiki?

Hajiya, ayyukan da harshe kaɗai ke bayarwa ba su da yawa: koyarwa, fassara, da aikin jarida. Suna da daraja, kuma ƙasar nan ta daɗe da sanin su. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Bajamushen matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya koyi Ingilishi, ya taimaka wa masu nazarin Hausa a can, ya kuma ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana koyarwa. Amma guraben irin wannan aiki ba za su ɗauki dukkan masu fitowa daga lise da Jami'ar André Salifou ba.

Inda harshe ya fi biya shi ne idan ya hau kan wata sana'a. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya mai jin Ingilishi ita ake fara kira idan ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiyar yara a Magarya da Matamai suna neman ma'aikata ko za su tura wani horo waje. Mai haɗa wutar sola da ke karanta littafin da ya zo da na'ura ba ya ƙona batirin mutane da gwaji. Badukun da zai iya rubuta bayanin jakarsa ta fata da Faransanci da Ingilishi, ya amsa saƙon mai saye a WhatsApp, yana sayarwa ba tare da ɗan tsakiya ba. Saboda haka a bar ta ta zaɓi fannin da take so, harshen ya bi ta can. Wannan ne ma ya sa nake ganin cibiyoyin koyon sana'a sun fi kowa bukatar darasin harshe, amma wanda aka gina a kan kalmomin walda da lantarki da ɗinki, ba wanda aka kwafo daga littafin kwaleji ba.

Yaya mai ɗaukar aiki zai san matakin mutum a harshe?

Akwai ma'aunin da Majalisar Turai (Council of Europe) ta fitar a 2001 mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, wanda ke bayyana abin da mutum zai iya yi da harshe a kowane mataki, kuma jarrabawoyi irin su DELF ta Faransanci a kansa suke. Ga Ingilishi jami'o'in waje sukan nemi TOEFL ko IELTS, ga Sinanci kuma HSK. Suna da tsada, don haka kada a biya sai akwai takamaiman wurin da ya nemi shaidar. A nan gida mai ɗaukar aiki yakan juya harshe ne a tsakiyar ganawa, cikin minti uku ya san abin da yake son sani.

Ni sabon malami ne, ajina ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba. Ta yaya zan yi duk wannan?

Ƙanena, na riƙe ajin da ya haura ɗalibai tamanin, a rumfar zana, a watan Afrilu, saboda haka na san abin da kake faɗi. Abu na farko shi ne ka daina ganin cewa dole kowace magana ta bi ta kanka. Idan kai kaɗai kake tambaya ɗalibi ɗaya yana amsawa, saura suna zaune ne kawai. Ka raba su biyu-biyu a kan bencinsu, ka ba su aiki mai iyaka, misali ɗaya ya kira ɗaya a waya yana tambayar ko kaya sun iso, ka ba su minti huɗu, kana zagayawa kana saurare. Za a yi hayaniya, kuma yana da kyau ka sanar da darakta da maƙwabcin ajinka tun kafin su zo duba ko faɗa ake yi.

Kayan aiki kuwa suna zube a gari. Ka sa kowane ɗalibi ya kawo kwali ko leda ko takarda guda mai rubutun Ingilishi daga gidansu, cikin mako ɗaya za ka tara abin da zai ishe ka zango guda. Sau ɗaya a zango ka gayyato wanda ke cin abinci da harshen, direban da ke zuwa Legas, ko ma'aikaciyar asibiti, ko mai fitar da kaya a duwan, ya yi wa yara bayanin ranar da harshe ya fitar da shi kunya ko ya jefa shi cikinta. Kada kuma ka ji kunyar lafazinka. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa zama a ƙasar da ake magana da Ingilishi ba, kuma ɗalibanmu ma da ƴan Najeriya da ƴan Gana da Indiyawa da Sinawa za su fi yin magana, ba da mutanen Landan ba.

Wannan hanya ba za ta sa yara su faɗi jarrabawa ba, tunda rubutu da nahawu ake tambaya?

Wannan damuwa tana da tushe, domin malami yana koyar da abin da za a tambaya, kuma muddin mafi yawan maki yana kan nahawu da amsa tambayoyin nassi, can hankalin kowa zai tafi. Gyaran jarrabawar ƙasa aikin ma'aikatar ilimi ne. Amma makin aji yana hannun malami, kuma babu abin da ya hana shi ware wani kaso ga magana da aikin hannu, kamar rubuta wasiƙa ta gaske ko fassara sanarwa. A abin da na gani, ɗalibin da ya yi amfani da ƙa'ida a magana ya fi tuna ta a ɗakin jarrabawa fiye da wanda ya haddace ta daren jiya. A ajin jarrabawa nakan bar watanni biyun ƙarshe ga tsofaffin tambayoyi, kuma hakan yana isa.

Yanzu waya tana fassara komai. Me ya sa za a wahalar da yara?

Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma ya kamata a koya wa ɗalibai amfani da shi a fili maimakon su riƙa yi a ɓoye. Sai dai wanda bai san harshen ba ba zai gane lokacin da na'urar ta yi kuskure ba, kuma ba ta san cewa dalarmu sefa biyar ce ba. A ganawar neman aiki, ko a gaban jami'in iyaka, ko a ƙauyen da babu intanet, mutum da bakinsa yake tsayawa.

Ni ban yi boko ba. Akwai abin da zan iya yi wa ɗana a gida?

Akwai, Baba, kuma ya fi abin da mai koyarwar gida zai yi masa da kuɗi. Ku mayar da shi mai karanta muku takarda. Duk saƙon da ya shigo waya da Faransanci ko Ingilishi, duk kwalin magani, duk rasiɗin wuta da ruwa, a miƙa masa ya karanta ya faɗa da Hausa, abin da ya gagare shi ya rubuta ya kai wa malaminsa da safe. Idan ya yi kuskure kada a yi masa dariya a gaban ƙannensa. A bar shi ya saurari labarai da harshen da yake koyo bayan kun saurari na Hausa, domin ya riga ya san abin da ya faru, kalmomin ne kawai sababbi. Idan kuma hutun damina ya zo kuma kuna da tafiya Kano sayen kaya, ku tafi da shi, ku damƙa masa takardun motar da na kayan tun daga tasha, shi zai riƙa karanta muku su a kowane shinge har ku dawo.